Fuskokin da ake bugawa a takarda: me suke koya wa yaro?

Duk mai ɗa a makarantar rainon yara, wadda muke kira matarnel, a Garwa ko Marwa ko Ngaundere a nan arewacin Kamaru, da wuya bai taɓa cin karo da irin takardun nan ba. Shafi guda ne da da'irori shida ko takwas, kowace da'ira fuska ce. Wannan tana dariya, waccan ta turɓune, wata ta zare ido, wata hawaye na zuba. A ƙasan kowace an rubuta kalma da Faransanci ko Ingilishi. Daga intanet ake sauke su, a tura wa juna ta WhatsApp, a kai shagon fotokwafi a buga. Manufarsu a koya wa yaro ɗan shekara uku zuwa shida ya gane abin da ke ransa, ya san sunansa, ya kuma iya gane abin da ke ran wani. Wasu iyayen sun karɓe su hannu bibbiyu. Wasu kuwa gani suke sabon salon Turawa ne da zai mai da yaro mai tsiwa, marar kunya. Ni a ganina ɓangarorin biyu duka sun ɗora wa takardar nauyin da ba nata ba.

Takardun kala-kala ne. Akwai katunan fuska da ake yankawa da almakashi. Akwai da'ira fanko da yaro zai zana mata ido da baki. Akwai wadda ake jan layi daga hoton wani abu da ya faru zuwa fuskar da ta dace da shi, da faifai mai kibiya a tsakiya da yaro ke juyawa da safe ya nuna yadda ya tashi, da tsani mai matakala da ke auna ƙarfin fushi, da zanen jikin mutum da ake shafa wa launi a inda aka ji abin. Amma kusan dukkansu a kan tunani guda aka gina su, wato kowane hali na zuciya yana da fuskarsa, kuma fuskar iri ɗaya ce a ko'ina a duniya.

Wannan tunanin yana da asali. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Paul Ekman, shi ne ya fi yaɗa shi. Ya je wajen mutanen Fore a tsaunukan Papuwa Niyu Gini, mutanen da a lokacin ba su saba da silima ko mujalla ba, ya nuna musu hotunan fuskoki, yana ba su ɗan labari su zaɓi fuskar da ta dace. A 1971 shi da abokin aikinsa Wallace Friesen suka wallafa sakamakon, daga nan kuma jerin nan na abubuwa shida ya zauna: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. Idan ka ƙirga da'irorin takardar da aka ba ɗanka ka samu shida, to jikokin wancan aikin ne. Mu ma ai muna da karin maganar da ta goyi bayansa: labarin zuciya a tambayi fuska.

Sai dai masu binciken da suka biyo baya sun nuna fuska ba ta ba da labarin duka. A 2014 Maria Gendron da Lisa Feldman Barrett da abokan aikinsu sun kai wa makiyayan Himba na arewacin Namibiya hotunan fuskoki, suka ce su kasa su kashi-kashi yadda suka ga dama, ba tare da an ba su sunaye ba. Ba su kasa su shida kamar yadda Amurkawa suka yi ba. Masu murmushi sun taru wuri guda, masu zare ido ma haka, amma sauran sun cakuɗe, kuma mutanen sun fi faɗin abin da mai hoton ke yi, yana dariya ko yana kallon wani abu, a kan abin da yake ji. A 2016 kuma aka gwada matasan tsibiran Trobriand, suka ɗauki fuskar nan ta zare ido da buɗe baki, wadda takardunmu ke kira tsoro, a matsayin fuskar mai barazana. Har yanzu masana na ja-in-ja a kan iyakar abin da duniya ta yi tarayya a kai. Abin da ya shafe mu shi ne, fuskar da ke kan takardar fuskar wasan kwaikwayo ce da aka zuzuta, ba kasafai ake ganin irinta a tsakar gida ba.

A nan yankinmu abin ya fi fitowa fili. Yaron da aka tarbiyyantar a gidan Hausawa, ko a maƙwabtansu Fulani masu riƙo da pulaku, wato ɗabi'arsu ta kunya da kawaici, idan babba na yi masa magana sunkuyar da kai yake yi, ya kalli ƙasa. Ladabi ne. A takardun da aka zana a Faransa ko Kanada kuwa, sunkuyayyen kai alamar baƙin ciki ce ko ta mai laifi. Kaka tana iya yin fushi mai tsanani fuskarta ko gezau, sai dai jikokinta su gane daga shirun da ta yi da yadda ta ajiye ƙwarya. Uwa tana iya cika da murnar ɗanta na fari ta kawar da kai, ko sunansa ba ta kama ba. Yaranmu sun iya karanta waɗannan duka, kuma ba ƙaramar basira ba ce. Idan malama ta sa wa yaro jan biro don ya ce yarinyar da ta sunkuya a hoto gaisuwa take yi, yaron ne ya fi takardar gaskiya.

Ko da fuskokin sun dace da mu, akwai batun shekaru. James Russell da Sherri Widen sun daɗe suna gwada ƙananan yara a Amurka da Kanada, suka ga sunayen ba lokaci guda suke shiga ba. Ɗan shekara biyu duniyarsa kashi biyu ce, da daɗi da ba daɗi. Farin ciki yake fara kamawa, sannan fushi da baƙin ciki, daga baya tsoro da mamaki. Ƙyama ita ce ke zuwa a makare, har yaran firamare da yawa suna kiran fuskar yatsina fushi. Don haka idan ɗan shekara uku ya nuna duk fuskar da ba ta dariya ya ce ta yi fushi, ba daƙiƙi ba ne, a matakinsa yake. Kati biyu sun ishe shi, ɗan shekara huɗu ko biyar a ba shi huɗu. Gane cewa mutum na iya yin murmushi alhali ransa a ɓace yake sai wajen shekara shida ko bakwai yake zama, gane cewa ana iya jin murna da fargaba a lokaci guda kuwa ya fi haka jinkiri.

Wani abin da masu binciken nan biyu suka gano shi ne ya fi kowanne amfani ga mai niyyar buga takarda. Idan aka ba yaro ɗan gajeren labari, abin da ya faru da abin da ya biyo baya, ya fi saurin faɗin sunan abin da aka ji a kan idan fuska kawai aka nuna masa, musamman a tsoro da ƙyama. Wato yaro ta hanyar dalili yake shiga, ba ta hanyar gira da leɓe ba. Tun a 1991 Judy Dunn da abokan aikinta a Ingila suka nuna wani abu mai kama da haka. Sun saurari hirar gidaje lokacin da yaran ke da shekara uku, suka sake gwada su suna da shida, sai ya zamana waɗanda aka fi yin zancen abin da rai ke ji da dalilinsa a gabansu sun fi iya gane halin da wasu ke ciki. Ba takarda aka raba wa gidajen ba. Hira ce kawai tsakanin yaran da iyayensu mata da 'yan'uwansu, har da ta lokacin rigima.

Ashe takardar kamar allon makarantar allo take: ko an cika shi da rubutu mai kyau, sai da malam a zaune yana biyawa yake zama karatu. Yaron da aka miƙa wa shafin fuskoki da fensir mai launi aka ce ya je can ya shafa, shafa launi ya koya, wanda shi ma ba laifi, amma ba shi aka nufa ba. Masu tallata irin waɗannan kayan suna yawan ambaton wani babban nazari na 2011 da Joseph Durlak ya jagoranta, wanda ya tattara shirye-shirye 213 na makarantu da ɗalibai sama da 270,000, ya nuna koyar da sanin kai da zaman tare yana gyara ɗabi'a har ya ɗaga sakamakon karatu. Gaskiya ne. Amma tsararrun shirye-shirye ne masu bin mataki-mataki, da malamai da lokacin da aka ware musu, kuma mafi yawansu a Amurka aka yi su. Ba hujja ba ce ga shafi guda da aka buga aka jefa a jakar yaro.

Tunda labari ne ƙofar, sai a dubi labaran da ke cikin takardun da ake saukewa. Yarinya ce askirim ɗinta ya faɗi, yaro ne ba a gayyace shi bikin zagayowar ranar haihuwa ba, ɗan kwikwiyo ne ya ɓata, wani yana tsoron kwana shi kaɗai a ɗakinsa. Yaron Yelwa a Garwa ko na Domayo a Marwa da ke kwana da 'yan'uwa huɗu a tabarma guda, ina ya san tsoron ɗaki fanko? Nasa abubuwan suna nan birjik. An yi masa ƙane an ɗauke shi an kai gidan kaka don yaye. Ragon da ya yi wata guda yana ba dusa an kayar da shi ranar Babbar Sallah. Tela bai gama kayan sallarsa ba, na ɗan ubansa kuwa sun fito. Baba ya hau jirgin ƙasa a Ngaundere zuwa Yawunde fatauci, an ce sai bayan azumi. Tsawar farkon damina, allurar rigakafi, ranar farko a aji da Madam ke magana da harshen da bai taɓa ji a gida ba. Duk mai ɗan hannu a zane zai iya zana waɗannan da biro a farar takarda, su ne kuma ya kamata a kai wa mai fotokwafi.

Ga yadda zaman yake tafiya idan ya yi kyau. Uwa ta ɗauki hoton yaro tsaye kusa da turken da babu rago, ta ce, "Wannan yaron me ya same shi?" Ɗanta ya ce, "An yanka masa rago, Inna." Ta ce, "To yaya yake ji?" Ya yi shiru, ko ya ce ba daɗi. Ba ta gyara masa ba, sai ta miƙa masa kalmar: "Ko kewarsa yake yi? Kai ma bara haka ka yi, har ka ƙi cin nama." Daga nan sai tambayar da ta fi duka, wadda yawancin takardu ba su da gurbinta: "Wa zai je wajensa? Me za a yi masa?" Minti biyar ya isa. Kuma da harshen gida za a yi, ko Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa ga na Kuseri da Injamena. Faransancin zai zo a aji, ya tarar da abin da zai hau kai. Yaron da ya haddace kalmomin Faransanci shida don jarrabawa amma bai taɓa cewa "na ji haushi" a gaban uwarsa ba, bai ƙaru da komai ba.

A cikin takardun duka, wadda na fi ganin ta dace da mu ita ce ta zanen jiki, domin maganarmu ta yau da kullum da ma a jiki take ajiye waɗannan abubuwa: gabana ya faɗi, zuciyata na tafasa, jikina ya yi sanyi, wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Yaron da aka tambaya a ina ya ji abin yakan amsa da sauri fiye da wanda aka tambaya me ya ji.

Saura damuwar iyayen da ke tsoron rashin kunya, kuma ba damuwar banza ba ce. Muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kawaici da kara da haƙuri su ne ke riƙe gidan da mutum ashirin ke ci a tukunya guda, kuma wasu takardun an rubuta su ne da ruhin cewa duk abin da ka ji ka amayar da shi, ko a gaban wa. Wannan ba dole ne mu saya ba. Akwai ma shaida daga cikin Kamaru cewa tarbiyyar kame kai tana aiki. Bettina Lamm da Heidi Keller na jami'ar Osnabrück ta Jamus sun gwada yara 'yan shekara huɗu na manoman Nso a yankin Kumbo, suka kwatanta su da yaran Jamus. An ajiye wa yaro abin daɗi, ga na Nso fanke ne, aka ce idan ya jira minti 10 za a ƙara masa wani. Kusan kashi 70 cikin ɗari na yaran Nso sun jira, na Jamus ba su kai kashi 30 ba, wasu yaran Nso ma barci ya kwashe su a zaune. Nso ba Hausawa ba ne, amma duk wanda ya tashi a gidan da ake cewa yaro ya natsu zai gane irin tarbiyyar.

To amma kame kai daban, rashin sanin abin da ake kamewa daban. Mai haƙuri na gaskiya ya san fushi ya zo masa, ya danne shi da saninsa. Wanda tun yana ƙarami ake ce masa "yi shiru, namiji ba ya kuka", ko "ba komai" alhali akwai komai, yakan girma da ciwon kai da ciwon ciki da ba a gano musu dalili, ko ya sauke abin a kan ƙaninsa. Alƙur'ani a sura ta Ali Imrana ya yabi masu haɗiye fushi, bai ce masu rashin fushi ba. Ya ba mu labarin Annabi Yakubu da idanunsa suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Wannan ita ce iyakar da ake so yaro ya koya: abin da ya ji ba laifi ba ne, abin da zai yi da shi ne ake yi wa linzami. Ga kuma ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, ƙaramin yaro da ɗan tsuntsunsa ya mutu, Annabi ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ce masa tsuntsu ne kawai ba.

Har tsanin fushin nan ana iya cika matakalarsa da abin da muka gada. Takardun waje sukan ce a ja numfashi a ƙirga zuwa goma, kuma yana taimakawa. Hadisi ya ce mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, idan yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kwanta. Ɗan shekara biyar zai iya riƙe wannan: zanen mutum a tsaye, a zaune, a kwance. Gidajen da ba sa son zanen mai rai kuwa, su tambayi malaminsu, domin malamai sun yi bayani a kan kayan wasa da na koyarwar yara. Idan ransu bai kwanta ba, a bar fuskar, a zana turke da igiya, ko jirgi, ko hadari, labarin zai yi aikinsa.

Batun kuɗi gajere ne. Idan shafi guda sefa 25 ne, aji mai yara 60 zai ci sefa 1,500 a kowane darasi, a kan takardar da za ta yage kafin la'asar. Fotokwafin ma baƙi da fari ne, don haka duk takardar da ta dogara da launi ta mutu tun a shago. Gara a buga saiti guda manya, a manna a kwali da ƙaro ko gam, a lulluɓe da farar leda, a yi shekara ana amfani da su. Aikin zanen fuska kuwa, ɗan allon hannu da alli da kowane ɗalibi ke zuwa da su sun wadatar, ƙasar tsakar gida da tsinke ma sun wadatar.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba, alhali a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru shi ne ya fi nauyi. Tun 2013 aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo don 'yan gudun hijirar Najeriya, rikicin Boko Haram ya kori dubban iyalai daga ƙauyukan kan iyaka, faɗan da ya tashi a Logone-Birni a 2021 ya tura mutane da yawa tsallaken kogi zuwa Chadi, ambaliyar 2024 ta ci gidaje a Yagwa da kewayenta. Yaran waɗannan gidajen suna zaune a azuzuwanmu da makarantun Islamiyya. Idan Madam ta ɗaga katin tsoro ta ce kowa ya faɗi abin da ya taɓa ba shi tsoro, wani zai ce kare, wani kuma abin da zai faɗa ko babba ba zai iya ɗauka ba. Shi ya sa ya fi aminci a yi zancen yaron da ke cikin hoto, ba yaron da ke zaune ba, wanda ya ga dama ya kawo nasa da kansa. Ba a tilasta wa mai shiru, ba a sa yaro ya tona cikin gidansu a gaban aji, kuma faifan nan mai kibiya bai kamata a rataye shi inda kowa zai ga wane kullum a baƙin ciki yake ba. Kada kuma kati ya koma bulala, a ce wa yaro ya je ya tsaya a ƙarƙashin fuskar fushi har ya gyara halinsa. Ranar da aka yi haka, ya daina faɗin gaskiya ke nan.

Idan kuwa yaro ya faɗi wani abu da ke nuna ana cutar da shi, ko aka ga makonni suna wucewa yana firgita cikin barci, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ya bar wasa, ko ya daina magana, aikin ya wuce na malamar aji ita kaɗai. A kira iyaye a keɓe, ba a bakin ƙofar makaranta ba, idan kuma ana zargin daga gidan cutarwar take, a fara da shugaban makaranta. Daga nan a kai maganar asibiti ko cibiyar jin daɗin jama'a ta gunduma, inda ake da ma'aikatan da aikinsu ke nan.